Abin da Ya Sauka a Sorona

Zuwa ga ƙanena Dirar,

Assalamu alaikum, ya iyali? Tunda ka toshe lambata, sai takarda.

Ɗaliban da kake koya wa tuƙa jirage marasa matuƙi a makarantar sana'a suna tayar da su bayan la'asar, daidai lokacin da nake sakin tantabaruna. Da tantabarun sun ji ƙugin jiragen sai su watse. Shekaranjiya jar tantabarata ta ruɗe ta sauka a soron maƙwabcina Abu Ra'ad, kuma ka san ƙa'idarmu ta masu tantabara a nan garin Zarka: abin da ya sauka a soronka naka ne. Ya ɗago ta yana min ihu, "Mufid, zo ka sha romo!" Ya yanka ta ina kallo. Ita kaɗai ta rage a jinin tantabarun Baba. Wallahi kuka na yi.

Don Allah ka mai da darasin nan safe.

Yayanka,
Mufid

Zuwa ga Malam Mufid,

Bayan gaisuwa. Ba a sauya jadawalin makaranta saboda tsuntsu. Ni injiniyoyi nake rainowa, kai kuwa da furfurarka kana saman soro kana fito, kana kaɗa tsumma a kan gora. Kullum ɗalibai suna ganin ka a allon na'ura. Jiya wani ya ce, "Malam, wane tsohon banza ne wancan?" Na ce ban san shi ba.

Ka kai ƙara in ka ga dama. Tun zamanin kakanni, a garin nan ba a karɓar shaidar mai wasan tantabara.

Ka huta lafiya.
Injiniya Dirar

Yaya Mufid,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Yaya, na shiga uku. Babban jirgin makaranta ne ya faɗo a soronka jiya, yara sun ga ka rufe shi da ragar kama tsuntsu. Na fito da shi ba da izini ba, shugaban makaranta ya ce korata zai yi. Amma in ka mayar da shi lafiya, ka kuma zo ka shaida cewa iska ce ta kwashe shi, zai rufe maganar. Kana tsaye a wurin, ka ga iskar da idonka.

Ka manta da waccan takardar, ɓacin rai ne. Ka dubi 'ya'yana. Don darajar Baba.

Ƙanenka,
Dirar

Injiniya,

Wa alaikumus salam. Na ga iskar, ƙwarai kuwa. Sai dai wa zai karɓi shaidar mai tantabara?

Ya sauka a sorona. Na fige shi, ga fukafukansa huɗu a cikin ambulan. Sauran yana keji, har yanzu bai taɓa hatsi ba.

Ka gaida yara.
Tsohon banza