Abin da ke Cikin Malfa

Talata, bayan isha'i, Makarfi

Wallahi Nasiru ɗan ajinmu bai san da wa yake wasa ba. Wata biyu ina zana mutum-mutumin nan a kwamfuta, manomi da malfarsa, fartanya a hannun hagu, don Baba bahago ne. Na ara wa Nasiru filas ɗina na ajiyar aikin kwamfuta ya kwashi darasi, ashe har aikina ya haɗa. Yau ya riga ni kai shi injin da ke fitar da zane da roba, ya dire gaban Malam wai nasa ne.

Malam ya jujjuya shi ya ce, "Me ya sa fartanyar take hagu?"

Ko kunya babu Nasiru ya ce, "Injin ne ya juya ta, Malam."

Baban nawa inji ya juya? Na haɗiye fushina.

Bai san malfar ciruwa take yi ba, kuma a cikinta na rubuta Hadiza 'yar Bahago. Alhamis baƙi za su zo duba ayyukanmu. Zan bari ya gama zuba, a tafa masa, sannan in ɗaga hannu in ce, "Nasiru, cire masa malfar mana, ya gaida manya."