Adashin Ambato

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Sun dawo mini da fayil ɗina na neman ƙarin girma. Karo na biyu ke nan. Malam Hudu, sakataren kwamitin, ya ce an fito da sabuwar doka: yanzu yawan takardun da mutum ya buga bai isa ba, sai an ga sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikinsa a cikin nasu. Ana son ambato ashirin. Na ce to ai da sauƙi, babbar takardar da muka yi da kwanon rediyon sauraron taurari na Afirka ta Kudu an ambace ta fiye da sau ɗari uku. Ya buɗe ta, ya bi sunaye da yatsa har shafi na biyu kafin ya iso B. Zubairu.

"Dakta, ai ke ce ta kusa da ƙarshe. Kwamiti sunaye uku na farko yake lissafawa."

Na yi masa bayani cewa mu masu binciken taurari, idan muka yi yawa a kan aiki ɗaya, bisa jerin haruffa muke jera suna. Ya ce ya gane. Fuskarsa dai ba ta gane ba. Wato laifina shi ne Baba bai ci suna Abubakar ba.

Abin da ya rage mini ita ce takardata ta fulsa, matacciyar tauraruwar nan da ke juyawa tana aiko da bugu kamar na zuciya. Shekara huɗu na yi a kanta. An ambace ta sau biyu: ni da kaina, sai wani mutum a Indiya da ban sani ba. Za a sake karɓar fayil ƙarshen Agusta.

Laraba, 9 ga Afrilu

Maigidana, Baban Nana, ya ce in ambato ake so, shi kullum sai ya ambace ni a shagonsa na unguwar Arawa, har kwastomomi sun gaji, a je a tambaye su. Na yi dariya, daga baya na shiga ɗaki na yi kuka. Ban san wanne ne na gaskiyar ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Dakta Sylvester na sashen Kemistiri ya same ni a ofis, ya tura ƙofa. Ashe suna da adashi. Ba na kuɗi ba, na ambato. Su goma sha biyu ne daga sassa daban-daban, duk wanda zai buga takarda sai ya saka sunan wanda ɗauka ta zo kansa a jerin manazarta. Wai suna da mujallun da ke bugawa cikin sati biyu.

Na ce me ya haɗa tauraro da ɓawon rogo? Ya ce, "Dakta Batul, a adashin kasuwa me ya haɗa mai kifi da mai takalmi? Kuma waye yake karanta ƙarshen takarda?"

Gaskiyarsa ce. Ni ma ba na karanta ƙarshen takarda sai in ina neman sunana.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na shiga. Ko dai an shigar da ni, ban tantance ba. Ɗaukar wannan zagayen ta Dakta Nkechinyere ce, ta sashen nazarin ƙananan halittu, wadda ofishinta ke kallon nawa. Shekara tara tana mataki ɗaya, ga yara uku a makaranta, mijinta ya rasu. Ita ce ta ce a ba ni tukuna. "Fara ɗauka, 'yar'uwa, naki Agusta ne, nawa sai Disamba." Har da kawo mini okpa a leda, tuwon gurjiyar nan nasu da take dafawa a gidanta na Nasarawo.

Na ci, na yi godiya.

Talata, 20 ga Mayu

Ambato ya kai bakwai.

Alhamis, 12 ga Yuni

Goma sha shida. Yanzu da na idar da sallar asuba sai in jawo waya in buɗe shafin ƙirga, tun kafin azkar. Allah Ya yafe mini.

Yau na buɗe ɗaya daga cikin takardun da suka ambace ni. A kan abincin awaki ce. An rubuta wai "kamar yadda Zubairu ta nuna, yanayi yana shafar halittu." Ni? Yaushe? Tauraruwata tana can inda haskenta ke yin dubban shekaru kafin ya iso nan, babu akuyar da ta taɓa jin ɗuriyarta. Na yi dariya har 'yata Nana Hadiza ta leƙo daga kicin ta ga ko lafiya. Amma da lambar ta ƙaru da yamma, daɗi na ji. Daɗi sosai. To wace ce ni a cikin biyun, mai dariyar ko mai murnar?

Laraba, 2 ga Yuli

Ashirin da uku. Na wuce abin da ake nema. Sylvester ya taya ni murna a bakin masallacin makaranta, ya kuma tuna mini da zubina. Ɗauka ta dawo kan Nkechinyere.

Sabuwar takardata ta gama haɗuwa, wadda na auna yadda bugun fulsar ke ɗan jinkiri. Na saka takardun Nkechinyere biyar a ciki, duk a kan ruwan rijiyoyi. Na yi awa guda ina neman jimlar da zan rataya su, a ƙarshe na rubuta cewa "aune-aune a ko'ina suna buƙatar kulawa." Na tura wa mujalla, na rufe kwamfuta da sauri kamar wadda ta rufe tukunyar da ta ƙone.

Litinin, 28 ga Yuli

Amsar mai bitar mujalla ta zo. Ya yaba aikin, ya ce awon yana da kyau, ya nemi gyara biyu ƙanana. Sai a ƙasa: yana so in bayyana masa alaƙar ruwan rijiya da fulsa, in kuwa babu, in cire su, kuma zai so edita ya san yadda aka yi suka shigo.

Mu da ke wannan fanni ba mu da yawa. Wataƙila ma mutumin ya taɓa zama kusa da ni a taro. Idan sunana ya ɓaci a wurinsu, ba mai sake ba ni lokaci a kan kwanon rediyo, kuma ni a Gombe ba ni da abin sauraron sama sai kwanon satalayit na kallon ƙwallon Baban Nana.

Idan na cire kuma, na kwashi adashi na gudu.

Laraba, 30 ga Yuli

Ban koyar da komai ba yau. Na tsaya gaban allo da alƙalami, ɗalibai na kallona ina kallonsu.

Asabar, 2 ga Agusta

Na kira Umma a Kano. Ita ce uwar adashin unguwarmu tun muna yara, na san matar da ta kwasa ta daina zubi, har yau Umma ba ta amsa sallamarta da sakin fuska. Na faɗa mata a taƙaice.

"Kin ɗauka?" Na ce na ɗauka. "To ki zuba mana, Batulu. Meye na kira na?"

Na sake bayani, wannan karon a hankali, har da awakin. Ta ce to wai me kuke zubawa? Na ce suna. Ta ce sunan wa? Na ce na juna. Ta ce a kan an yi me? Na ce a kan ba a yi komai ba.

"Ikon Allah. Duk bokon nan naku." Ta ja numfashi. "Ni dai abin da na sani, wadda ba za ta iya zubi ba, mayar da abin da ta kwasa take yi. Ba ta riƙe duka biyun."

Ta yaya ake mayar da ambato? An riga an buga su, suna can cikin awaki da rogo har abada.

Litinin, 4 ga Agusta

Na cire biyar ɗin, na rubuta wa edita gaskiyar abin ba tare da na kama sunan kowa ba.

Daga nan na wuce wurin Malam Hudu, na ce a cire ashirin da ɗaya daga lissafina, a bar mini biyu. Ya cire tabarau. Ya ce tun da yake aikin nan mutane ƙari suke roƙo, bai ma san ta inda ake ragewa ba. "Dakta, ko ba ki da lafiya ne?" Na ce to ya ba ni fayil ɗin gaba ɗaya, bana ba zan shigar ba. Ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai miƙa ta'aziyya.

Na rungumo shi har gida a bayan acaɓa, ruwa na yayyafi. Shekara guda ta tafi. Har yanzu ban san ko mutunci na yi ko wauta ba. Baban Nana ya ce wataƙila duka biyun, ya zuba mini shayi.

Talata, 5 ga Agusta

Na faɗa wa Nkechinyere. Gara ta ji daga bakina kafin Sylvester ya kai mata.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Ke kin mayar, kin wanke hannunki, ya yi kyau. Ni da na ba ki layina, me na samu?" Na fara maganar mai bita, ta katse ni. "Tsaya. Takardun nan biyar da kika saka kika cire, kin karanta ko ɗaya?"

Ko ɗaya ban karanta ba. Ta ce ta sani, ta juya ga na'urarta.

Juma'a, 15 ga Agusta

Kwana da kwanaki ƙofarta a rufe. Sylvester ya cire ni daga zauren wayarsu. A sashenmu ana cewa girman kai ne, wai don na yi karatu a waje. Mujalla ta karɓi takardar, edita ya ce ya gode da na faɗi gaskiya. Ba wanda zan nuna wa saƙon.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na buga takardunta biyar a shagon kwafi na bakin titi, na zauna da fensir tun hantsi. Na ce ko don in iya kallon idonta.

Matar nan ta yi aiki. Damina uku tana bin rijiyoyi da kwalabe, unguwa-unguwa. A takarda ta uku na ga taswira, na ga unguwarmu Malam Inna, na bi layin da yatsa, sai ga rijiyar bayan gidanmu, wadda muke ɗiba duk ranar da famfo ya ɗauke. Ta rubuta cewa bayan ruwan sama ƙwayoyin cuta suna ninkuwa a cikinta, don masai ya yi mata kusa. Shekara shida da bugawa. Duk damina Nana Hadiza sai ta kwanta da ciwon ciki, muna cewa ɗanyen mangwaro ne.

Na tashi na ɗora ruwa a wuta, sannan na leƙa gidan maƙwabta biyu na faɗa musu.

Litinin, 18 ga Agusta

Na ƙwanƙwasa mata da takardun a hannu, duk sun sha fensir. Na ce ina da tambaya a kan jadawali na biyu, me ya sa rijiyar da ta fi zurfi ta fi datti? Ta dube ni, ta dubi fensirin. Ta jawo kujera da ƙafa.

Har azahar tana magana. Ta zana mini ƙasa da yashi a bayan ambulan, ta yi faɗa da wani lissafi da na ce ban yarda da shi ba, ta kuma ci ni. Da na faɗa mata zancen rijiyarmu da Nana Hadiza, sai ta cire gilashi ta daɗe tana goge shi da bakin zane.

"Shekara shida, ba wanda ya taɓa tambayata komai a kansu." Ta mayar da gilashin. "Amma kin san kwamiti ba ya lissafa wannan, Batul. Disamba na nan zuwa."

Na ce na sani. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

Alhamis, 21 ga Agusta

Na nemo takardar mutumin Indiya. Shekara biyu ina ƙirga shi, ban taɓa buɗe abin da ya rubuta ba. Ashe lambar da na auna ya ɗauka ya gina lissafinsa a kai, yana ma ganin na ɗan yi kuskure a wuri ɗaya. Ina jin yana da gaskiya. Zan rubuta masa.

Nkechinyere ta aiko in zo mata da kwalba biyu na ruwan rijiyarmu gobe da safe, in wanke su da tafasasshen ruwa, kada in taɓa bakin. Babu okpa.

Shafin ƙirga kuwa, tun Lahadi ban buɗe ba. Ina jin mantawa na yi.