Kafin Baba Ya Sayar da Rake

Ƙanwata Wasila,

Assalamu alaikum. Yaya Baba da Inna da mutanen Gazara? Ina lafiya.

Na ji kina son yin digirin rubutu saboda ni. Kun ɗauka a gidan jarida nake aiki a Legas, ni kuma na yi shiru. A tashar mota nake, ina rubuta sunaye a buhunan 'yan kasuwa. Ina ci ina sha, amma kunya ta hana ni zuwa gida da Sallah, ni da nake ce muku alƙalami ya fi fartanya.

Ban ce ki fasa ba. Kafin Baba ya sayar da rakensa dominki, rubuta labari ɗaya, ki kai gidan rediyo, ki ji nawa za su biya.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki,
Zulkifilu