Rasuwar Dattijo Gershon Didam, Mai Fitilun Hanyar Kagoma

Cikin alhini, da zullumin da har yau ya hana mu zama wuri ɗaya, Ƙungiyar Kiyaye Lafiyar Matafiya ta Kafanchan da Kewaye, a madadin Shugabanta, Alhaji Maikano Jibrin, da dattawanta da dukan mambobinta, Kirista da Musulmi, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Mai Girma Babban Jami'inta na Na'urori, Dattijon Ikilisiya, Injiniya Gershon Didam, wanda ya huta cikin Ubangiji da yammacin Talata, 15 ga Agusta, 1995, a wani asibiti a nan Kafanchan.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa a aikin siginar jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Bayan tashin hankalin 1987, lokacin da jita-jita kaɗai kan sa direba ya juya da fasinjoji daga tsakiyar hanya, shi ne ya kawo shawarar a samar wa matafiya labarin gaskiya. Ya tattaro tsofaffin rediyon oba-oba ya gyara su da hannunsa, ya kafa su a tashar mota ta Kafanchan da Fadan Kagoma da mahaɗar Nok, daga baya har Kagarko, ta yadda kafin mota ta tashi direba ya san inda gada ta lalace, inda tirela ta faɗi ta tare hanya, da inda ba komai sai surutun mutane. Madam Eucharia Okafor, wadda ke riƙe da rediyon tashar Kafanchan, shi ya koya mata aikin, kuma da muryarta dubban matafiya suka saba.

Bai tsaya nan ba. Ya kafa fitilu masu walƙiya da ke aiki da batirin mota a miyagun kwanonin hanya, ya liƙa wa turaku alamu masu ƙyalli, kuma in ɓarayi sun sace batiri, washegari sai a gan shi a kan babur da wani batirin a ɗaure a baya. Mun sha yi masa faɗa a kan yawan fita shi kaɗai, amsarsa kullum ita ce, "Hanya ba ta jiran miting."

Ranar Talata da hantsi ruwan sama ya cinye gefen wani kwalbati gaba kaɗan da Fadan Kagoma, ya kuma jiƙa rediyon wurin har ya daina aiki. Da labari ya iso ta bakin wani ɗan acaɓa, marigayin ya ɗauki jar tuta da allon gargaɗi ya tafi. Ya isa a kan kari, domin ya tsayar da wata bas cike da matan Zumunta na Ikilisiya da ke komawa gida daga taro, kuma dukansu suna raye. Yana cikin kafa allon ne wata motar katako ta gangaro, birki ya ƙi, ta buge shi. Matan nan ne suka ɗauko shi a bas ɗinsu zuwa asibiti.

Hankalinmu a tashe yake saboda maganganun da ke yawo a gari tun jiya, wai da gangan aka yi, wai direban ɗan wuri kaza ne. Mun je wurin, mun ga motar, mun ji ta bakin matan da abin ya faru a idonsu: hatsari ne. Direban ya miƙa kansa ga 'yan sanda, kuma bincike na hannunsu. Muna roƙon matasanmu, don girman Allah, kada a taɓa motar, kada a tare kowa a hanya, kada a ɗauki doka a hannu.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, Mama Afiniki Didam, da 'ya'yansa, Malama Hellen da Nas Bernice, da jikoki, da Ikilisiyarsa, da masu martaba sarakunan yankinmu. Ubangiji ya ba su ƙarfin zuciya, ya share musu hawaye, ya zama uba a gidan. Za a yi sujadar jana'iza ranar Asabar da safe a garinsu.

Kwalbatin nan har yanzu a karye yake, damina kuma ba ta ƙare ba. Muna kira ga hukumomin da abin ya shafa da su gyara shi cikin gaggawa, direbobi kuma su rage gudu tun daga Fadan Kagoma. Mambobinmu suna tsaye a wurin da tuta bi da bi, kuma ko ranar jana'iza ba za su tashi ba, domin da muka je gaisuwa abin da Mama Afiniki ta ce mana ke nan: "Na gode. Amma kada ku cika mini gida ku bar hanya ba kowa."

Sa hannu:
Obadiah Kazah
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Kiyaye Lafiyar Matafiya ta Kafanchan da Kewaye
17 ga Agusta, 1995