Abin da Ya Gaji Hancinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda ban cika yi miki ba kina raye, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima inda kike. Mu nan Ƙarfi lafiya lau. Baba yana nan, sai dai kunne ya ƙara nauyi. Goggo Hajara, ƙanwarsa, ita ke riƙe da gidan tun bayan rasuwarki. Audugar bana ta yi kyau, mun tara ta a ɗakinki kafin a buɗe kasuwa.

Audugar ce ma ta sa na ɗauki alƙalami. Cinmu da suturarmu har wata kaka duk suna cikin ɗakin nan, ga shi babu hancinki a gidan.

Kin tuna hancin nan? Kina tsakiyar daka sai ki tsaya da taɓarya a sama, ki ce wani abu na ƙauri. A duba, a tarar bakin zanen wata ne ya taɓa murhu. Ni kuwa na mai da abin wasa. In samo tsumma in kunna bayan danga, in laɓe. Ki fito a guje ɗankwali a hannu, ki same ni ina birgima don dariya. Ki murɗe min kunne, gobe in sake, ki sake fitowa. Da Baba ya ce ki daina biye min, sai kika ce, "Na san shi ne. Amma ranar da na ce shi ne na zauna, ran nan ne ba shi ba ne."

To, bara Yaya Lawal ya zo daga Kaduna da wani farin abu kamar murfin kwano. Ya ce yana jin hayaƙi, in ya ji ya yi ihu. Ya ce a maƙala shi sama, ya koma wurin aikinsa a gaggauce. Goggo ta dubi abu fari tas, tsarabar birni, ta naɗe shi a ƙyalle, ta saka cikin kwalla ta rufe, ta ɗora bisa jere. Wai kada hayaƙi ya ɓata shi. Kin ji fa, Inna, kada hayaƙi ya ɓata shi!

Yana nan a rufe har muka manta da shi. Sai kwanan baya aka fara jin 'yar tsuwa, tsit, tsit, a ɗakin Goggo. Ta ce gyare ne, kuma ni na sako mata shi. Wallahi wannan karon ba ni ba ne. Muka ɗaga tabarma, muka jawo gado, sai a cikin kwalla muka same shi yana kukan yunwa. Batirinsa ne ya kusa ƙarewa.

Na kai shi Funtuwa wurin wani Ibo mai shagon kayan rediyo, haifaffen garin, Hausarsa ta fi tawa. Ya sa masa sabon batir mai kusurwa huɗu, ya nuna min ɗan maɓallin da ake dannawa a ji ko yana da rai. Na dawo na kafa ƙusa a azarar ɗakinki, na rataye shi saman audugar.

Yanzu kowace Juma'a in an sakko daga masallaci sai in taka turmi, in sa gashin kaza in share masa yanar gizo da burbushin auduga, in danna. Daga nan in zuba turarenki a kaskonki, in ɗaga daga bakin ƙofa. Inna, da kin ji ihu! Kaji su watse, akuya ta tsinke igiya, Baba da ba ya jin ladan ya zabura.

Ke kin san ni. Goggo takan yi gyangyaɗi a ƙofar ɗakin bayan azahar, baki buɗe, maɓalli kuwa ga shi nan sama da kanta. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Ban taɓa dannawa ba. Na ce musu Juma'a ce kaɗai tawa, duk ranar da ya yi kuka ba Juma'a ba, a fito.

Talatar da ta wuce ina gona ina yankan kara. Baba ya gama jin ɗumi da hantsi, ya bar kasko a bakin ɗakin, iska ta kwashi garwashi ta jefa cikin buhu. Auduga kuwa ba ta ci da harshen wuta, a ciki take cinyewa shiru. Abin ya kurma ihu. Goggo ta ce har ta buɗe baki za ta zage ni, sai ta tuna Talata ce. Ta suri tulu ta ruga. Gefen buhu ɗaya kawai ya ƙone.

Da na dawo na tarar da Baba a ɗakin. Ya daɗe tsaye yana kallon azara, sannan ya kira sunanki a hankali.

Turaren ya kusa ƙarewa, Inna. Ɗan abin da ya rage na ƙulle shi a ɗankwalinki, gwaji kuma zan koma yi da tsumma, kin san na iya.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya tsare ki daga wuta yadda kika tsare mu daga ita. Allah Ya haɗa mu a Aljanna, ki murɗe min kunne. Amin.

Naki har kullum,
Autanki, ɗan fitinarki