Har Bencin Sun Ɗauke

Romi, Kaduna

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Mama? Ya yara?

Lafiyata lau, barci ne dai ya ƙi zuwa. Sabon manajanmu a Kakuri ya ba 'yar ƙanwarsa teburina, ni kuma ya ce in jira a baranda. Kullum ina zuwa, ba a ba ni aiki. Jiya har bencin suka ɗauke. Da na yi magana, sai ya ce, "Rifkatu, wa ya kore ki?"

Da safe in ce sai sun kore ni da bakinsu, da yamma in fara haɗa kaya.

Kada Mama ta ji tukuna. Allah ya tsare ku. Ki tambayar mini Kawu Bitrus ko yana neman masu haƙar citta bana. Na gaji da tsayuwa, Yaya.

Ƙanwarki,
Rifkatu