Mujiyoyin Dutsen Baba

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar nan taka? Mu nan Zango sai godiya.

Wata malama mai binciken namun daji ta zo duba ɓeraye da mujiyoyi a duwatsun Damagaram Takaya. Na kai ta bayan gonarmu, kogon mujiyoyin da marigayi Baba ya hana a taɓa. Ta farfasa curin da suke amayowa, duk ƙashin ɓera ne. Ashe su ke tsare mana hatsi. Maman Sani ɗan Kawu ne ya riƙe mata tarkuna, ya rantse mini ba zai nuna wa kowa wurin ba.

Ba a daɗe ba na ga mujiyoyin busassu a shimfiɗar mai magani a kasuwa, da zoben da malamar ta sa musu a ƙafa. Na tare Maman Sani, ko musu bai yi ba. Wai, "Haba Lawali, kan tsuntsun mayu za ka ɓata zumunci?"

Ka gaida mutanen gida, ka sa ni a addu'a. Har yau kwano ɗaya muke ci da Maman Sani, amma wallahi loma ba ta wuce mini.

Ƙaninka,
Lawali